Kaki, silan ko siramik: wanne za ka shafa wa fentin motar aikinka a ƙurar Garwa?

Ƙanena ya sayi Hilux ta hannu, fara, yana jigilar kayan shago da ita tsakanin Garwa da Marwa. Da hunturu ya kankama sai ya kira ni: "Yaya, fentin nan ya fara gari kamar alli, kuma kowa da abin da yake gaya mini. Wani ya ce gwangwanin kaki, wani ya ce na fesawa, wani ya ce in kai a yi mata siramik in huta." Na san ba shi kaɗai ke cikin wannan ruɗanin ba. Na daɗe ina wanke tawa akori-kurar a ƙofar gida, na gwada uku daga cikin hanyoyi huɗun kare fenti da ake magana da hannuna, wato kakin gwangwani, silan (sealant da Turanci) da siramik na fesawa, ta huɗun kuma, siramik na ƙaramar kwalba, na ga yadda ta kasance a motocin abokai. Ga yadda nake auna su.

Abin da za a duba kafin a fitar da ko sisi

Na farko kuɗi. Ba kuɗin ranar saye kawai nake nufi ba, a haɗa da sau nawa za ka sake shafawa a shekara da lokacin da za ka ɓata. Na biyu ƙarko, kuma a ranarmu, domin abin da aka rubuta a jikin kwalba an gwada shi ne a ƙasashen da ba su san watan Afrilu na Garwa ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, jikin baƙar mota kuwa yana iya wuce 70. Na uku sauƙin aiki: mutum ɗaya zai iya da bokiti da tsumma, ko sai da inji da rufaffen gareji? Na huɗu haɗari, wato in an yi kuskure me zai lalace, kuma zai gyaru a gida ko sai an je wurin mai fenti.

Akwai na biyar, wanda namu ne mu kaɗai: ƙura. Yawancin hazon da ke rufe mu daga Disamba zuwa Fabrairu yana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki, ya haɗu da rairayin hanya. Duk abin da za ka shafa, ka tambayi kanka ko yana riƙe ƙura ko yana sakinta.

Ya kamata kuma ka san irin fentin motarka. Yawancin motocin zamani suna da hawa uku: na shimfiɗa, na launi, sai barnis marar launi a sama. Kaurin barnis ɗin bai cika wuce maikron 40 zuwa 50 ba, silin gashin kanka ya fi shi kauri. Amma da yawa daga cikin fararen motocin aiki, musamman tsofaffi, ba su da barnis, launin ne a fili, shi ya sa suke yin gari. Gwajin mai sauƙi ne: ɗiga ɗan folish, man da ke kankare saman fenti, a baƙin tsumma ka murza wani lungu. In tsumman ya ɗauko launin motar, to babu barnis.

Aikin da babu makawa, ko wanne ka zaɓa

A nan ne mutane suka fi cutar motocinsu, kuma abin yana damuna. Da safe za ka ga direba ya ɗauki busasshen tsumma yana kaɗe ƙurar da ta kwana a bonet. Wannan da goga takardar yashi duk ɗaya ne. Tsaya a gefen baƙar mota da hantsi, ka dubi inda rana ta faɗo a ƙofa, za ka ga zane-zane zagaye kamar saƙar gizo-gizo. Ba shekaru ne suka kawo su ba, tsumma ne.

Fara da kwarara ruwa daga rufi zuwa ƙasa har sai ƙurar ta sauka da kanta. Sai bokiti biyu: ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ɗauraye soso. Duk ƙofar da ka wanke, ka ɗauraye soson a na biyu kafin ka mayar da shi na farko. In ka gama ka leƙa gindin bokitin ɗaurayar, za ka tarar da jan rairayi kwance, wanda da duk a jikin fentin zai koma. Tayoyi da ƙasan bodi a ba su nasu soson daban. Jarka uku masu lita 20 suna isata in na yi tattali.

Omo da sabulun wanke kwanuka suna cire maiƙo, don haka suna cinye kaki. Sau ɗaya kawai nake yarda da sabulun kwanuka, ranar da nake so in cire tsohon kaki in fara sabo. Sauran ranaku sabulun mota. Lokacin aiki kuwa bayan asuba kafin rana ta ɗaga, ko bayan la'asar sakaliya. Ruwan rijiyar burtsatse yakan bar farin tabo in ya bushe da kansa, saboda haka a tsane da tsumman maikrofaiba tun da jiƙe.

Bayan wanki sai gwajin leda. Zura hannunka cikin siririyar ledar da ake ƙulla sukari, ka shafa bonet a hankali. Abin da ido ke gani sumul za ka ji shi kamar an watsa gero. Waɗannan ƙwayoyin ƙurar birki ne, da feshin kwalta, da ƙaron bishiya, da ƙurar siminti da raɓa ta daskarar, sun nutse cikin fenti, sabulu ba ya fitar da su. Aikin yumɓun fenti ke nan, wanda a kanti za ka ga an rubuta argile a kwalinsa da Faransanci. Ba ƙasa ba ce, roba ce mai danƙo da aka fara yi a Japan.

Iri biyu ne. Akwai curi, yawanci giram 100 ko 200. Ka gutsuri kwatankwacin goro biyu, ka murza shi a tafin hannu ya yi faɗi kamar ƙaramar waina, ka jiƙa wuri kamar faɗin sallaya rabi da ruwan sabulun mota sosai, ka riƙa zamar da shi gaba da baya ba tare da dannawa ba. Da farko za ka ji yana ƙara shuu-shuu yana ɗan kamawa, can sai ya yi shiru ya riƙa sulɓewa. Juyo shi ka gani: ya yi ja-ja da baƙi-baƙi. Sai ka ninke dattin ciki, ka sake faɗaɗa shi. Ya fi araha, ya fi shiga lungu, amma in ya faɗi ƙasa ya tashi aiki. Na taɓa yin rowa, nawa ya faɗi a tsakar gida na ɗauraye na ci gaba, ƙwayar rairayi ɗaya ta ja mini layi daga hannun ƙofa har fitilar baya. Na biyu safar hannu ce ko tawul mai shafen roba a gefe ɗaya. Ta fi tsada, amma ta fi sauri a babbar mota, in ta faɗi kuma a ɗauraye ta a ci gaba. Ga mai aiki a kan ƙasa, ba kan siminti ba, safar nake ba shawara. Ko wanne ne, a nemi mai laushi, kuma sau ɗaya ko biyu a shekara ya wadatar. Manyan ɗigon kwalta a fara narkar da su da ɗan kananzir a tsumma, a wanke wurin nan take.

Yumɓu ba ya cire zane, ba ya dawo da fentin da ya yi gari. Wannan aikin folish ne. Kuma yumɓun yana barin fenti tsirara, don haka ranar da ka yi shi, ranar za ka rufe da ɗaya daga cikin huɗun nan.

Kakin gwangwani

Shi kowa ya sani. Asalinsa karnauba, kakin da ake kankarowa daga ganyen wata bishiya dangin giginya a arewa maso gabashin Brazil. Tsantsarsa tana da tauri ƙwarai, ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 80, shi ya sa ake cakuɗa ta da mayuka don ta shafu. Waɗannan mayukan su ne rauninsa a wurinmu: zafi yana busar da su da wuri.

Wajen kuɗi babu mai kama shi. Ana samunsa a kusan kowane shagon kayan mota daga Ngaundere har Kuseri, gwangwani ɗaya kuma yana shafe mota sau da yawa in ba ka yi ɓarna ba. Wajen ƙarko kuwa shi ne na baya. Motar da ke kwana a waje, makonni huɗu zuwa shida ruwa ya daina dunƙulewa a kanta, a bazara ma bai kai haka ba. Ka lissafa sau takwas ko fiye a shekara, kowane sau kusan awa biyu a mota mai ƙofa huɗu. Ga shi yana da ɗan maiƙo, ƙurar hunturu tana son zama a kansa.

Shafa shi ba wuya, amma yana son haƙuri. Siriri ake shafawa, har ka yi zaton bai kama ba. In ya yi hazo-hazo ka ja yatsa a kai: in wurin ya fito fes, lokacin gogewa ya yi, in ya bar maiƙo ka ƙara jira. Kuskuren da na yi a farkon fara wannan harka shi ne na lafta shi da kauri a rufi da bonet gaba ɗaya da tsakar rana, na shiga cin abinci. Da na fito ya ƙame kamar busasshen koko a kwano, na yi ta gurza har kafaɗata ta ƙage. Yana kuma barin farin tabo a baƙar robar bamba da ta gefen taya. Abin goge fensir na 'yan makaranta yana fitar da shi. Duk waɗannan kurakurai ne masu gyaruwa, shi ya sa haɗarinsa kaɗan ne. Ƙyallinsa a jan fenti ko baƙi kuwa, gaskiya har yau ban ga wanda ya fi shi daɗin kallo ba.

Akwai wani ɗan'uwansa da ya kamata a ambata, kaki mai haɗe da folish. Yana kankare mataccen fenti kaɗan yana barin kariya a lokaci guda. Ƙarkonsa bai fi na kakin ba, amma ga farar motar da ta yi alli, shi ne aiki ɗaya da za ka yi da hannu ka ga bambanci a ranar.

Silan

Wannan ruwa ne mai kauri kamar kindirmo, haɗin roba na masana'anta wanda ke manne wa fenti ya bar siririn rufi. Kwalbarsa ta fi gwangwanin kaki tsada, kuma ba kowane shago ke ajiye ta ba, sai a manyan kantunan Garwa ko Njamena, ko ka ba da saƙo daga Duwala. Amma yana jure zafi da wanki fiye da kaki nesa ba kusa ba. A tawa motar, wadda ke kwana a waje, nakan samu wata huɗu cikakku, wani lokaci biyar. Sau uku a shekara ke nan, don haka in aka bi lissafin shekara, shi da kaki kusan kunnen doki ne a kuɗi, ya kuma bar maka ranakun hutunka.

Ya fi kaki saurin gogewa, kuma jikin motar yakan yi santsi marar maiƙo, ƙura tana sauka da ruwan farko. Sharaɗinsa biyu ne. Dole fentin ya kasance tas, babu tsohon kaki, in ba haka ba a kan kakin zai zauna su tafi tare. Kuma yana buƙatar awa 12 zuwa 24 ba ruwa kafin ya kama sosai. A watan Agusta, da hadari ke haɗuwa kusan kullum da yamma, sai ka tanadi rumfa. Ni nakan yi nawa a ƙarshen Oktoba kafin hazo, sai a Maris kafin zafi ya tsananta, sai kuma a Yuli in na samu rana biyu masu sarari. Abin lura wajen saye: kwalbar da ta daɗe a shago mai zafi takan tsinke, ruwa sama guda-guda ƙasa. Girgiza ta, in ba ta haɗe ba ka ajiye musu.

Siramik na fesawa

Shi ne sabon shiga da ya fi yawa a bakin matasa. Ruwa ne mai ɗauke da sinadarin silika, a kwalba mai bakin fesawa. Fesa biyu ko uku a ƙofa, ka baza da tsumma ɗaya, ka goge da busasshe. Rabin awa ka gama mota. Farashinsa yana kusa da na silan ko ya ɗan ɗara, amma kwalbar tana saurin ƙarewa a babbar mota. A jikin wasu an rubuta shekara guda. Ni ban taɓa wuce wata uku zuwa huɗu ba a nan.

Ba ya ɓata baƙar roba, har ma yakan ɗan dawo mata da launi. Matsalarsa zane-zanen maiƙo in ka cika fesawa ko ka fesa a jiki mai zafi, musamman a baƙin fenti. In ka gani da wuri, jiƙaƙƙen tsumma ya isa. Kada a yi shi a cikin iska mai ƙura, kada kuma a shaƙi feshin. Sannan a nan ne jabu ya fi yawa, domin kalmar siramik tana sayar da kaya, kowa na iya buga ta a kwalba. Ka nemi sunan da aka sani, irin su Turtle Wax, Meguiar's ko Sonax, ka duba hatimin murfin.

Siramik na ƙaramar kwalba

Wannan daban ne da na fesawa duk da sunansu ɗaya. Kwalbar gilashi ce mai mililita 30 ko 50, abin da ke ciki yana daskarewa a kan fenti ya zama siririn ɓawo mai kaurin maikron ɗaya zuwa biyu. Masu yinsa suna alkawarin shekara biyu zuwa biyar, kuma in an yi shi daidai an kula da shi, yana kai shekaru. Kashin tsuntsu da na jemage da ƙaron darbejiya, waɗanda duk mai ajiye mota a inuwar titunan Marwa ya san su, ba sa saurin cin fentin da ke ƙarƙashinsa.

Sai dai kuɗinsa ya ninka na sauran sau da yawa, kuma mafi yawan kuɗin ba na kwalbar ba ne, na aikin folish da inji ne da dole a yi kafin a shafa, domin duk zanen da aka rufe ya zauna ke nan. Yana son ɗaki rufaffe marar ƙura da sanyi daidai. A zafinmu yana kamawa cikin minti ɗaya ko ƙasa da haka, in ka makara wajen gogewa ya bar tabo mai duhu wanda sai inji zai cire, injin kuma daga ɗan barnis ɗin nan yake ci. Bayan an gama, kwana guda ba ruwa, kusan mako ba sabulu.

Akwai maganar da nake so ta fita daga kan mutane, cewa siramik yana hana zane. Lambar 9H da ake bugawa a kwali ma'aunin taurin fensir ce. Rairayi ya fi wannan ɓawon tauri. Na ga baƙar mota mai tsada da aka kashe wa kuɗi masu yawa, bayan wata biyu ana kai ta wurin wanki inda yara ke amfani da omo da tsumma ɗaya daga taya har gilashi, saƙar gizo-gizon ta dawo kamar ba a yi komai ba. Kuma ruwan rijiya in ya bushe a kansa yana barin tabo mai taurin kai.

| | Kuɗi | Ƙarko a waje | Sauƙi | Haɗari | Ƙura |
|---|---|---|---|---|---|
| Kakin gwangwani | mafi araha | mako 4 zuwa 6 | awa 2, da ƙarfin hannu | kaɗan, yana gyaruwa | yana riƙewa |
| Silan | matsakaici | wata 4 zuwa 5 | awa 1, sai jiran kwana | kaɗan | yana saki |
| Siramik na fesawa | matsakaici | wata 3 zuwa 4 | rabin awa | kaɗan, sai jabu | yana saki |
| Siramik na kwalba | mafi tsada | shekaru, in an kula | sai ƙwararre da gareji | babba | yana saki sosai |

Waɗannan lokutan abin da na gani ne a motar da ke kwana a waje. Mai gareji zai samu fiye da haka.

To wanne ne naka?

In motarka ta neman abinci ce, kullum tana kan hanyar Ngaundere zuwa Kuseri, tana kwana inda dare ya yi mata, silan ne naka. Yumɓu sau ɗaya bayan damina, silan sau uku a shekara, ka sayi bokiti na biyu da tsummokin maikrofaiba guda huɗu da canjin da ya rage.

In ba ka da lokaci, ko kana da motoci biyu uku da yaran gida ke wankewa, ɗauki na fesawa. Koya musu fesa biyu a ƙofa ya fi sauƙi a kan koya musu kaki, kuma kuskurensu ba zai kai ka wurin mai fenti ba.

In motar ja ce ko baƙa, tana kwana a rumfa, kana jin daɗin zama da ita ranar Lahadi da safe, kakin gwangwani zai faranta maka. Kana iya shafa silan a ƙasa, washegari ka ɗora kakin a sama. Akasin haka ba ya kamawa.

In sabuwa ce fil, kana da rufaffen gareji, kana da wanda ka ga aikinsa da idonka a motar da ta shekara, kuma kai ko mutum ɗaya amintacce ne kaɗai zai riƙa wanke ta, siramik na kwalba ya cancanci kuɗinsa. In ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, ka dakata.

In fentin ya riga ya fara ɓarewa, barnis yana tashi fari-fari a rufi da bonet kamar saɓar maciji, kada ka sayi ko ɗaya. Wannan sai sabon fenti.

Ƙanena kuwa, da muka yi gwajin baƙin tsumma ya fito fari fat, babu barnis. Muka wanke ta bayan asuba, muka bi ta da safar yumɓu, muka murza kaki mai haɗe da folish ƙofa-ƙofa har tsummoki uku suka koma kamar an tsoma su a farar ƙasa. Na ce masa ya yi wata guda a haka, in kakin ya tafi ya wanke da sabulun kwanuka sau ɗaya ya shafa silan kafin zafin Maris, kuma ya cire busasshen tsumman nan daga ƙarƙashin kujerar direba.